Rasuwar Penka, Wadda Ruwa Ya Ci a Tudu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafar dama mai cike da bandeji, ni Zahari Kirchev, malamin kimiyya mai ritaya, mai gidan nan na koren ƙyaure a ƙauyenmu na gefen Troyan, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da waɗanda suka daɗe suna jiran wannan rana, rasuwar abokiyar tafiyata Penka. Ta rasu ranar Talata da hantsi a filin yada zango da ke gindin dutse kusa da Kalofer, tana da shekara talatin da takwas a duniya, talatin da ɗaya daga ciki a gidana. Allah ya gafarta mata. Mu kuma da muka rage, ya ba mu haƙurin jure masu ta'aziyya.

Wannan ita ce sanarwa ta biyu. Ta farko gajeriya ce, da ɗan hoto a sama kamar ta kowane mamaci, na manna ta a ƙyaurena da jikin falwayar tashar bas, ƙarƙashin ta marigayi Nedko mai zuma. Ba a yi awa guda ba sai ga Tsonka mai shago ta faɗo mini gida da fure huɗu a hannu, ko tabarau ba ta tsaya sa wa ba, tana sharɓar hawaye, tana kirana Bai, yadda ake girmama dattijo a wurinmu. "Wayyo Bai Zahari! Ashe aure ka ƙara ba mu da labari? Yaushe ta zo har ta mutu?" Na kama hannunta na kai ta gaban hoton. Ta matsa, ta ƙanƙance ido, ta hangi taya biyu. "Kai dai Allah ya shirye ka," in ji ta, ta juya da furenta ta mayar da shi bokitin sayarwa. Saboda haka, domin masu raunin gani: Penka 'yar tirela ce, ɗan farin ɗakin kwana mai taya biyu da ake ɗaura wa mota a baya, mai ƙofa ɗaya da taga uku da tebur ɗin da ke zama gado idan an lallaɓa shi.

Na ce akwai masu jiran wannan rana, kuma ba ƙazafi na yi wa kowa ba. Shekara huɗu da suka wuce, ranar arba'in ɗin matata Nevena, 'yarmu Bilyana, mai kirana Tate, wato baba, ta zaunar da ni a kicin.

"Tate, ba zan bar ka kai kaɗai a ƙauyen nan ba. Ka dawo wurinmu birnin Sofiya, akwai ɗaki."

"Da Murjo da Sofka?" Wato karena da kyanwata.

Kafin ta amsa, mijinta Kamen ya yi atishawa. Kamen mutumin kirki ne, sai dai ko hoton kyanwa ya gani a kalanda hancinsa yoyo yake. Gidansu a hawa na bakwai yake. Aka yi mini bayani cikin tattausar murya cewa za a samo wa dabbobin gida mai kyau, ni kuwa na san gidan, na ga sarƙar da ke ƙofarsa. Na ce ba inda za ni. Muka ja har shayi ya huce, sannan muka yi yarjejeniya: muddin Penka na tsaye kan tayoyinta, zan zauna a gidana, in yi yawona da dabbobina, ranar da ta faɗi, in tattara kayana in hau bene ni kaɗai. Kamen ya fita ya zagaye Penka, ya shuri tayarta, ya dawo da fara'a ya ba ni hannu. Na ji yana raɗa wa matarsa cewa ba za ta ga bazara ba. Ta ga huɗu.

An haifi marigayiya a ƙasar Poland, ta yi ƙuruciyarta a gidan wani likitan haƙori a Pleven, wanda matarsa ta kwana a ciki sau ɗaya ta ce ya zaɓa, ko ita ko tirela. Ya zaɓi matar, kuma na ji daga baya ya yi nadama. Ranar da na jawo ta gida, Nevena ta fito tana goge hannu, ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Gajeriya, fara, mai faɗin baya, kuma ba ta motsi sai da ƙorafi. Wannan ai Gwaggo Penka ce." Gwaggon tana da rai a lokacin, kuma har ta koma ga Allah ba ta sake cin abinci a gidanmu ba.

Marigayiya ta kasance mai natsuwa. A duk rayuwarta ba ta taɓa yarda an wuce gudun saba'in da ita ba, in an matsa mata sai ta fara kaɗa baya hagu da dama har sai an ba ta haƙuri. A hawan dutsen Shipka takan tara motoci talatin a bayanta, su bi ta a hankali cikin ladabi kamar masu raka gawa, direbobin suna leƙo kai ta taga suna yi mata addu'o'in da ba a rubutawa a takardar mamaci. Ta koya wa rabin ƙasar nan haƙuri, kuma babu wanda ya taɓa cewa na gode.

Ta kasance mai adalci, don ba ta taɓa bambanta babba da yaro ba wurin buga musu kai a bakin ƙofa. Ta bugi nawa, ta bugi na wani ɗan sanda da ya leƙa neman abin da bai ajiye ba, ta bugi na Kamen sau biyu a yini ɗaya, abin da nake fatan za a sa mata a mizani. Ta kasance mai riƙon amana: duk tattasan da aka taɓa gasawa a cikinta, duk kifin da aka soya a bakin kogin Danub, duk karen da ruwan sama ya jiƙa ya shigo ya girgije, ta adana warinsu ba ta zubar da ko ɗaya ba. Ta kuma kasance mai karɓar baƙi. A cikinta mutum uku da kare suka sha kwana, Bilyana a tsakiya tana shurin kowa, kuma ba a taɓa jin ta ce wuri ya cika ba, sai dai ta ce ƙiiiƙ duk lokacin da wani ya juya.

Ba mai yawan magana ba ce, amma ba ta ɓoye ra'ayinta. A kan kwalta mai kyau, wadda ba ta cika samu ba, takan ce kwas-kwas-kwas a hankali. A kan ramuka takan ce garam, cokula da kofuna su amsa mata daga ciki. Idan na ce zan ja da baya da ita, sai ta yi shiru ta nufi inda ta ga dama, galibi inda mutane suka shanya kaya. Daga Vidin zuwa bakin teku, daga duwatsun Rodopi zuwa gonakin Dobruja, babu garin da bai ji muryarta ba tun kafin ya gan ta.

Ta rasu ta bar Murjo, kare mai shekara goma sha biyu da kunne ɗaya da rabi, wanda ya yi imani cewa kowane filin zango a ƙasar nan gadon ubansa ne. Tun ranar Talata yake kwance a gindin tayarta, bai ci komai ba sai abincinsa da na Sofka. Ta bar Sofka, kyanwar da Nevena ta tsinta a ƙarƙashin wani kwalekwale a tafiyarta ta ƙarshe, ta sako ta cikin hula. Sofka ta zagaye ƙasar nan sau biyar a kan kantar tukwane, kuma har yau ba ta ga garin da ya burge ta ba. Ta karɓi labarin rasuwar da juriya, ta yi hamma. Ta bar tsohuwar motata, wadda ta ja ta shekara goma sha tara, wadda kuma ba ta zubar da hawaye ba sai baƙin mai kamar kullum. Ta bar ni, ɗan shekara saba'in da huɗu.

Game da ciwon ajalinta, an yi ta surutu a shagon Tsonka. Wasu sun ce tsufa, wasu sun ce ramukan hanya, wasu sun ce nauyin Murjo. Duk ba haka ba ne, kuma tunda takardar mamaci ba wurin ƙarya ba ce, zan faɗi gaskiya ko da za a yi mini dariya har tashar bas.

Kowa ya san ana zuba wa matafiyi ruwa a gabansa, don tafiyarsa ta gudana kamar ruwan. Mutanen kirki sukan yi haka ranar da yaro zai fara makaranta, ko ranar da amarya za ta bar gida. Nevena kuwa kullum take yi. Duk safiyar da za mu ɗaga, ko daga gida ko daga zango, sai ta cika 'yar tukunyarta ta tagulla, ta tsaya gaban mota, ta sheƙa ruwan a ƙasa har ya fantsamar wa duk wanda ke kusa, sannan ta zagayo da gudu ta shige kujerar gaba tana haki ta ce, "To, ja mu je." Ni kuma, malamin kimiyya, shekara ashirin da bakwai ina yi mata ba'a a gaban jama'a. Nakan leƙo kai in ce wa maƙwabtan zango, "Ku yi haƙuri, matata ce ke gyara mana birki." Su yi dariya, ita ma ta yi, gobe ta sake. Har Murjo ya saba, ba ya shiga mota sai ya taka jiƙaƙƙen wuri.

Tafiyar farko bayan rasuwarta, na ɗaura Penka, na buɗe wa Murjo ƙofar mota, ya zauna a ƙasa yana kallona. Na roƙe shi, na yi masa tsawa, na nuna masa cuku. Ko gezau. Tukunyar tana nan rataye a ƙusarta cikin Penka. Amma ta yaya zan tsaya a fili, gaban mutanen da suka sha jin bakina, in zuba ruwa gaban mota? Sai na kira kare cikin tirela, na rufo ƙofa, na ɗaga tabarmar goge ƙafa, na zuba ruwan nan a dokin ƙofa daga ciki, na mayar da tabarma. Murjo ya taka, ya fita, ya shige mota. Na gaya wa kaina don kare nake yi. Haka na yi washegari, haka na yi kowace safiya ta tafiya, daga baya har safiyar da ba inda za mu, har cikin hunturu tana ajiye a tsakar gida. Ba don kare nake yi ba. Kewar matar nake, kuma wannan ne kaɗai lokacin da nake jin kamar za ta zagayo ta ce a ja a tafi.

Shekara talatin da biyar ina koya wa 'ya'yan mutane abin da ruwa ke yi wa katako da ƙarfe. Har maki nake rage musu in sun manta.

Ranar Talata muna hanyar teku, mun kwana a Kalofer. Na cika tukunya, na shiga, na rufo ƙofa, na ɗaga tabarma. Maganar marigayiya ta ƙarshe ita ce ɓaras. Ƙafata ta dama ta zarce har gwiwa, na tsinci kaina rabi a ɗaki rabi a kan ciyawa, ƙofa ta ɓalle ta faɗi waje, ita kuma Penka ta karkata gefe ɗaya ta durƙusa. Ga ni nan tsaye da tukunyar tagulla a hannu, gaban Jamusawa shida masu karin kumallo. Abin da na shekara huɗu ina ɓoyewa, suka kalle shi da burodi a baki. Murjo ya zo ya taka inda ruwan ya zube, ya wuce ya shiga mota ya zauna yana jira.

An ɗauko gawar a bayan babbar mota zuwa garejin Bai Dobri, wanda ya shekara talatin yana duba lafiyarta. Na kira Bilyana da kaina, don yarjejeniya yarjejeniya ce. Ta iso ranar Alhamis, motarta cike da kwalayen da babu komai a ciki, Kamen kuwa ya aiko da gaisuwa da salatif ɗin ɗaure kaya har naɗi uku. Bai Dobri ya shiga ƙarƙashin marigayiya da tocila, ya daɗe, ya fito da wani guntun ƙarfe ya murtsuke shi da yatsa ya zama gari.

"Zahari, wannan ba tsufa ba ne. Ko'ina lafiya lau, za ta ƙara shekara goma. Nan bakin ƙofa kaɗai ya ruɓe, har ƙarfen da ke riƙe da taya. Nutsewa ta yi, a tudu. Kai, wanka kake yi a dokin ƙofa?"

Na ce rufin ne ke yoyo.

"Rufin da ni na liƙe? Kar ka ɓata mini suna gaban yarinya."

Bilyana ta matso. Ta leƙa ciki, ta dubi tabarmar, ta dubi tukunyar uwarta da ke rataye a ƙusa, ta taɓa gindinta ta ji danshi.

"Tate, wa ke zuba maka ruwa?"

"Kare ne ba ya shiga mota."

"Ba kare na tambaye ka ba."

"Ni."

"Daga ciki?"

"To a waje zan yi, mutane su gani?"

"Tun yaushe?"

Na dubi bandejin ƙafata. Bai Dobri ya tuna yana da wani aiki a bayan gareji.

"Shekara huɗu," in ji ta, "kana zuba wa kanka ruwa a ɓoye kamar ɓarawo, kana da 'ya. Me ya hana ka kira ni?"

"Ruwa ba ya bi ta waya."

Ta zauna a kan tayar Penka ta yi kuka, irin kukan da ba ta yi ba ranar arba'in ɗin uwarta, don ranar tana fama da baƙi. Murjo ya je ya ɗora mata haɓa a cinya, ya shafa mata gashi a baƙin wando. Ni kuwa na tsaya da ƙafa ɗaya ina jiran hukunci, kuma na ji tsoro, don na riga na auna sarƙar gidan nan a raina da wuyan Murjo.

Da ta share hawaye ta face hanci, sai ta ce, "Maganar Sofiya a bar ta sai bayan arba'in."

"Arba'in ɗin wa? Na Penka?"

"Na Murjo."

"Sofka fa?"

Ta dubi kyanwar, kyanwar ta dube ta daga kan kantar tukwane. "Da ita, tunda ka iya ciniki."

Ina sanar da jama'a cewa Sofka shekararta biyar, ba ta shan taba, ba ta da damuwa, kuma ba ta da niyyar mutuwa nan kusa. Ana miƙa ta'aziyya ta musamman ga Kamen, wanda zai iya zuwa ya karɓi salatif ɗinsa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe tara na safe a tsakar gidana. Ba za a kai marigayiya wurin masu sayen tsohon ƙarfe ba, kuma ana roƙon su daina tsayawa a ƙofata suna danna ham. Bai Dobri zai cire mata tayoyi, a kwantar da ita kan bulo ƙarƙashin rumfar inabi, fuskarta na kallon hanya. Kantar tukwane ta zama gadon Sofka, ƙarƙashin tebur na Murjo. Ramin bakin ƙofa za a bar shi yadda yake, domin tsofaffin ɗalibaina su zo su gani su huce. Za a raba dafaffiyar alkama da sukari, wadda Tsonka ta ɗauki nauyinta bisa sharaɗin kada limamin coci ya ji don wa aka dafa. Ba a buƙatar fure. Mai son yin alheri ya kawo ƙashi.

Da ƙarfe goma za a tashi daga makoki, domin akwai tafiyar teku da aka bari a rabi, kuma an samu wani masauki da ke karɓar kare da kyanwa da tsoho mai bandeji. Motar za ta tsaya a bakin titi, a fili, inda kowa zai gani, har da waɗanda na sha sa su dariya. Bilyana ce za ta riƙe tukunyar. Wanda ya zo da takalmi mai kyau ya tsaya nesa, don hannun uwarta gare ta, ba ta iya zuba ruwa kaɗan ba. Ana kuma roƙon jama'a su bar hanya ta gefen dama, saboda ta ce kada in tayar da mota sai ta zagayo ta shiga. An riga an yi wa Murjo bayani zai koma kujerar baya.